Awudu Bai Taɓa Zama Sarkin Sauri Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Awudu, kuma shekara shidan nan duk ƙarya ake yi masa da sunan yabo. A Bawku, a Yendi, har Salaga garin kakanninmu, da an ambace shi sai ka ji an ce, "Allah ya jiƙan Sarkin Sauri." Sun buga sunan a bayan riguna. Sun liƙa shi a kan gasar rawar gem da suke yi kowace shekara, wai don tunawa da shi. To ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, ni nake wanke masa gyambon ƙafa da ruwan gishiri, kuma a jarida nake faɗa don kada wani ya ce a bayan idonsa na yi magana: Awudu bai taɓa kai waƙa mai sauri ƙarshenta ba. Ko sau ɗaya. Da sikila aka haife shi. Daga gida zuwa bakin titi ma sai ya tsaya ya huta. Duk wanda ya ce muku ya ga Awudu yana tsalle kamar fara a kan tabarma, ku tambaye shi yaushe, ku tambaye shi wa ke wurin.

Ga waɗanda ba su san abin da nake nufi ba, bari in yi bayani a gurguje, don ba ni da haƙurin dogon zance. Tabarma ce ta roba, ba ta kai sallaya tsawo ba, an zana mata kibau huɗu: gaba, baya, hagu, dama. Ana jona ta da kwamfuta, kwamfutar da talabijin. Waƙa ta tashi, kibau su riƙa hawa a fuskar talabijin, kai kuma ka taka kibiyar da ta dace daidai lokacin da ta iso sama. In ka taka daidai, makinka ya hau. In kuskure ya yi yawa, gem ɗin ya yanke waƙar a tsakiya, 'yan kallo su yi maka ihu. Shi ke nan. Ba wani sihiri.

Tabarmi biyu Awudu ya samo a cikin kayan gwanjo, wajen wani ɗan kasuwa mai shigo da kaya ta iyakar Togo, can bayan Pusiga. Ya shimfiɗa su gefe da gefe a wata kwantena kusa da hanyar kasuwar shanu, ya sa benci biyu da fanka. Babanmu, da yake dillalin shanu ne, ya leƙa sau ɗaya, ya dawo gida yana girgiza kai. Ya ce kakanninsa sun taka daga Salaga har ƙasar Hausa da goro a bayan jakuna, yau ga jikansu ya zauna yana sayar wa mutane tsalle a wuri ɗaya. Bai dai hana shi ba. Ya san yaron ba zai iya bin shanu ba.

Waƙoƙin da suka zo da gem ɗin duk na ƙetare ne, masu gudu kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Awudu ya zauna da kwamfutar nan har ya gano yadda ake ƙara mata waƙa. Daga nan ba a yin biki ko suna a unguwa bai aiki waya ta ɗauko masa kiɗan ba. In mun je Salaga hutu sai ya dawo da simpa, kiɗan rawar bikinsu na can. Abokai su turo masa kalangun Yendi. Goge da kologo, gurminmu na nan, kuwa a ƙofar gida yake samunsu. Sai ya toshe kunnuwa da abin sauraro, yana buga yatsa a cinya, yana jera kibau ɗaya bayan ɗaya, kowace a kan bugunta. Waƙa ɗaya takan ci masa mako. Tunda shi ba zai iya yawan hawa yana gwadawa ba, ni ce ƙafafunsa. In na dawo daga makaranta, kafin in cire yunifom sai in ji, "Memuna, hau ki taka mini wannan." In taka, ya ce in sake. In sake, ya goge kibiya ɗaya, ya matsar da wata. Na sha yi masa tsaki. Saboda haka in ana zancen abin da Awudu ke so a waƙa, a yi haƙuri, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu abin da ake faɗa shi ne, wai Awudu mutum ne mai bin ra'ayin jama'a, abin da 'yan kallo suka kira shi yake sakawa. Wannan ita ce ƙarya ta biyu, kuma ta fi ta farko ba ni haushi. Da farko haka ake yi, gaskiya ne. Mutum ya hau tabarma, benci ya kaure da ihu, kowa na kiran waƙa, wadda aka fi kira ita ake sakawa. Har ranar da Issaka mahauci ya shigo. Issaka ƙato ne, mai tumbi, mai fara'a, ya daɗe yana leƙe ta ƙofa kafin ya yi ƙarfin halin cire takalmi. Yana hawa, duk wurin ya haɗa baki a kan waƙar da ta fi kowace gudu. Bai yi nisa ba ƙafafunsa suka sarƙe, ya zube a kan benci, wandonsa ya yage. Aka yi ta dariya har da masu kwanciya a ƙasa. Ya tashi ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita, bai waiwayo ba.

Da muka zo rufe kwantena, Awudu ya ce mini, "Kin ji ihun nan? Ba waƙar suke so ba. Faɗuwa suke so su gani."

Washegari ya kafa dokarsa, kuma ita ce kaɗai dokar da ya taɓa kafawa a rayuwarsa. Ba ka zaɓa wa kanka waƙa. 'Yan benci ma ba su da baki. Mutum biyu za su tsaya a kan tabarmi biyun, wannan ya zaɓa wa wancan, wancan ya zaɓa wa wannan. Aka yi ta gunaguni, wasu suka yi yaji na kwana biyu suka dawo. Shi kuwa ya tafi har rumfar Issaka da ƙafarsa mai ciwo ya jawo shi. Ya tsaya kusa da shi a kan tabarma, ya zaɓa masa wani goge mai taushi. Issaka ya kai shi ƙarshe yana zufa yana dariya. Da aka zo nasa zaɓin, ya dubi ƙafar Awudu da ke naɗe da bandeji, ya ce a sa wadda ta fi kowace sanyi. Ranar na ga yayana ya kai waƙa ƙarshe a gaban mutane.

Ku da ba 'yan Bawku ba, ba za ku gane nauyin wannan doka ba. Garinmu gari ne da kowa ya san unguwar da ƙafarsa ba ta takawa, kuma ba a nan zan buɗe wannan babin ba. Amma a cikin kwantenar nan na ga samari biyu da iyayensu ba sa gaisawa sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, dole kowa ya dubi ɗan'uwansa ya auna abin da zai iya. A nan ake gane hali. Wani zai zaɓa maka wadda ka iya, sannan ya dage ya doke ka a kanta. Wani kuwa zai lalubo wadda za ta kayar da kai. Awudu ba ya yi wa irin na biyun faɗa. Bayan kwana kaɗan sai mutum ya tarar ba mai yarda ya tsaya kusa da shi, ya zauna a benci da kuɗinsa a hannu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ya kuma lura da wani abu da har yau masu gasa ba su lura da shi ba, ko kuma sun lura sun yi kamar ba su gani ba. Abin da mutum ke kira a cikin taro daban yake da abin da yake so in ba mai kallonsa. Samarin da suka fi kowa ihun a sa mai gudu, su ne ke lallaɓowa da hantsi, lokacin da wurin ba kowa, su ce, "Bra Awudu, sa mini waƙar bikin nan ta matan zango, in gwada kawai." Su taka ta sau uku suna murmushi. 'Yan mata, da ya ware mana yammacin Laraba ya sa labule a ƙofa, simpa muke so, don tana ba ka sarari ka juya jiki ba ƙafa kaɗai ba. Baƙin Yendi in sun ji kalangu sai kafaɗunsu su fara rawa kafin ƙafa. Kowa da tasa. Ba wanda ƙuri'a za ta faɗa maka tasa.

A cikin duk abin da ya haɗa, wanda ya fi so ba ma waƙa ba ce. Lugude ne. Wata shekara a Salaga, a gidan Gwaggo Azara ƙanwar babanmu, mata uku suna kirɓa sakwara a turmi ɗaya, Gwaggo na jefa musu waƙa a tsakanin taɓare. Ya ajiye waya a gindin turmi ya ɗauka. Ya ba kowace taɓarya kibiyarta, ya bar kibiya ta huɗu ga muryar Gwaggo. Ba gudu a ciki ko kaɗan. Amma taɓaren suna ratsa juna, wannan na sauka wancan na tashi, in ba ka kasa kunne ba sai ka taka iska. Masu taƙama da sauri da yawa sun sha kunya a kan luguden nan, don sun saba bin kibiya da ido, ba su saba sauraro ba. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.

Da ciwon ya tashi masa na ƙarshe, kwana kaɗan ya yi a asibiti. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara. Aka sayar da kwantena. Tabarma ɗaya tana ƙarƙashin gadona. Memorin da ke ɗauke da duk waƙoƙin da ya haɗa, da hannunsa ya ba ni, yana cikin gwangwanin 'yan kunnena. Tabarma ta biyu kuwa mahaifiyarmu, Mma, ta ba Seidu.

Dole in yi wa Seidu adalci kafin in faɗi abin da ke raina. Ɗan Yendi ne, yana bin motar hatsi zuwa Bawku, a nan suka saba da Awudu har ya zama kamar ɗan gida. Ba a taɓa yin mai saurin ƙafa irinsa a kwantenar nan ba. Shi ya goyi Awudu a bayansa zuwa bakin titi ranar da aka kai shi asibiti. Shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ban manta ba, ba kuwa zan manta ba. Ya buɗe nasa shagon gem a Yendi, shekarar da ta biyo ya fara gasa da sunan abokinsa. Yanzu daga garuruwan nan uku ake zuwa, har da 'yan Gambaga.

Amma ruwa ba ya tsami banza. A shekarar da aka fara gasar wani bidiyo ya ɓulla a wayoyi. Ƙafafu ne kawai, daga gwiwa zuwa ƙasa, suna tafiya a kan tabarma kamar ba sa taɓa ta. An rubuta sunan Awudu a kai. Tabarmar tasa ce, na gane yagewar gefenta. Koren wandon ma nasa ne. Ƙafafun ne ba nasa ba. Idon sawun Awudu na hagu yana da tabon gyambo mai faɗin murfin kwalba, na shekara da shekaru ina wanke shi. Na bidiyon sumul yake. Kuma mai ƙafar yana karkatar da ta hagu waje in zai taka baya, ni kuwa mutum ɗaya na sani mai yin haka. Daga wannan bidiyon sunan Sarkin Sauri ya fito.

Na kira Seidu na tambaye shi kai tsaye, don ni ban iya kewaye-kewaye ba. Na ce, "Bra Seidu, ƙafar wa ce a bidiyon nan?"

Ya yi dariya. Ya ce, "Memuna sarkin rigima. Abin da ya ɗaga sunan mamaci, ina ruwanki da ƙafar wa ce?"

Ku duba da kyau, bai ce ta Awudu ce ba.

Sai maganar ƙuri'a. Waƙoƙin gasa a guruf ɗin waya ake zaɓensu, kowa ya danna wadda yake so, wai a bi ra'ayin masoya kamar yadda marigayi yake yi. Ina cikin guruf ɗin, ina kallo. Rabin masu dannawa ban san su ba, ba sa magana duk shekara sai ranar zaɓe su fito kamar gwano. Da yawansu na tabbata ba su taɓa cire takalmi sun hau tabarma ba. Kowace shekara irin waƙoƙi ɗaya ke ci, masu gudun nan na ƙetare. Bara ina hanyar Salaga na sauka a Yendi canjin mota, na ce bari in leƙa shagon Seidu. Ba a rufe ƙuri'a ba tukuna, saura kwanaki. Tun daga bakin hanya na jiyo waƙa ɗaya ana ta maimaita ta, yaransa na shago suna haddace takunta. Da aka fitar da sakamako, ita ce ta zo ta ɗaya. In makaho ya ce a yi wasan jifa, to dutse ya taka. Na faɗa masa. Ya ce ai kowa ya san ita za ta ci, ko ni da na yi tunani zan sani.

Na yi tunanin, kuma abin haushi, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Mai yiwuwa ba wanda ya taɓa ƙuri'ar. To wannan ai ya fi muni. Ma'anarsa benci ne ya dawo, bencin da ya kayar da Issaka, sai dai yanzu ya yi tsawo daga Bawku har Salaga, kuma masu ihun ba sa ko ganin fuskar wanda zai faɗi. Ku je gasar ku duba masu hawa. Samari ne 'yan sirara, masu shekaru ɗaya, masu ƙafa ɗaya. Ba mace. Ba mai tumbi. Ba mai bandeji. Wato gasar da ke ɗauke da sunan Awudu, da Awudu zai dawo yau, ba zai iya shigarta ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan zamani. Ba zan yi masa tawa ƙaryar ba, Awudu ba maƙiyin sabon abu ba ne. Da ya ga yadda yara ke buga irin gem ɗin nan da yatsa a fuskar waya, da sai ya karɓi wayar ya ƙi mayarwa. Da ya ga motoci sun taso daga gari uku saboda abin da ya fara a kwantena, da ya yi murna har ya kasa cin abinci. Rigar Sarkin Sauri ma na san dariya za ta ba shi, ya ce a ba shi ɗaya ya sa ya je asibiti nas-nas su gani. Abin da ba zai yi wa dariya ba ɗaya ne, kuma na gan shi da idona a Salaga.

Tun yana raye ya taɓa ba Seidu wata simpa da Gwaggo Azara ta rera a bikin wata 'yar'uwarmu. Baran nan da na isa gidanta, muna zaune a tsakar gida muna feraye doya, sai waƙar ta tashi a wani bidiyo a wayar wata jikarta. An ninka mata gudu. An cusa mata kibau har ba ka ganin fuskar talabijin. Muryar Gwaggo, da take da kauri kamar zuma, ta koma tsuwa kamar ta ɓera. Tsohuwa ta ɗaga kai ta ce, "Wace mara kunya ce wannan take waƙa kamar ana bin ta da bulala?" Jikokin suka fashe da dariya. Ba ta gane kanta ba. Ni ban yi dariya ba, na ci gaba da feraye har na yanke yatsa. Waƙar nan mutum biyu ne ke da ita a duniya, ni da Seidu, tawa kuwa ba ta fita daga gwangwani ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bana Seidu ya zo har gida, ya durƙusa ya gaida Mma, ya kawo mata doya da zabi. Ya ce shekara shida ta cika, lokaci ya yi da za a fito da waƙoƙin marigayi duniya ta ji, a sa su cikin ƙuri'a. Memorin yake so. Na ce zan yi shawara. Yana fita Mma ta juyo kaina. Ta ce, "Ke dai zuciyarki kamar ta kishiyar kowa. Yaron nan shi ya sa ɗana a kabari. Ki ba shi. Ko so kike tsatsa ta cinye abin a gwangwani?"

Maganarta ta zauna mini, don akwai gaskiya a ciki. Memori ba dutse ba ne, wata rana zan jona shi ya ƙi buɗewa, aikin shekarun Awudu ya tafi a hannuna ba a hannun kowa ba. Ni kaina ban sake hawa tabarma ba tun da aka yi sadakar bakwai. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma na san ina da saurin zargi, tun muna yara Awudu ke ce mini 'yar sanda. Zai yiwu Seidu ƙauna ce ta sa shi ya ara wa abokinsa ƙafafu, don ya ga duniya ba ta tuna mai tafiya a hankali. Zai yiwu kuma taro yake so a shagonsa, sunan mamaci kuwa ba ya kai ƙara. Ban sani ba. Abin da na sani, in na miƙa memorin nan aka jefa lugude cikin ƙuri'a, ɗaya daga biyu ne: ko ya zo na ƙarshe a ce jama'a ba sa so, ko a ninka masa gudu har taɓaren Salaga su koma kamar injin niƙa. Kuma abin da ya shiga waya ba ya dawowa gwangwani.

Me ya rage na Awudu bayan shekara shida? Sunan da ke jikin riguna ba nasa ba ne. Ƙafafun bidiyo ba nasa ba ne. Kwantenar yanzu ana sayar da siminti a cikinta. Na daɗe ina zaton memorin ne kaɗai ya rage, shi ya sa na ƙanƙame shi. Amma makon jiya na bi ta rumfar Issaka mahauci. Ya ƙara ƙiba, gemunsa ya fara fari. Yana ganina ya ajiye wuƙa, ya taka gaba, ya taka baya, ya taka hagu, a kan ƙasar rumfa, yana dariya. Ya ce har yau in yaransa biyu suna rigima a kan abin da za a kalla a talabijin, dokar Awudu yake kafa musu: kai zaɓa masa, shi ya zaɓa maka. Ya ce rigimar ba ta kai minti. Na tsaya ina kallonsa da ledar nama a hannu. Wannan abin bai taɓa shiga memori ba, ga shi kuwa yana aiki a gidan da Awudu bai taɓa shiga ba. Yayana bai bar mana sarauta ba. Ya bar mana hanyar gane mutum: ka ba shi dama a kanka, ka ga abin da zai yi da ita.

To da ita zan yi aiki, tunda zargina ya kasa kai ni ko'ina. Ba zan aika wa Seidu memori ba, ba kuma zan ci gaba da ɓoye shi ba. Ranar gasa zan naɗe tabarmar da ke ƙarƙashin gadona, in ƙulle memorin a bakin ɗankwalina, in hau motar Yendi. Issaka ya ce zai rufe rumfa ya raka ni. Zan shimfiɗa tawa kusa da 'yar'uwarta a gaban kowa, in ce, "Bra Seidu, cire takalmi." Mai ido ya dubi ƙafar hagu ya tuna bidiyo, ni ba zan ce komai ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan zaɓa masa lugude, a kan gudun da Awudu ya bar shi, na kuma san zai iya in ya kasa kunne. Sannan shi ya zaɓa mini. Ya san shekara shida ban taka ba, ya san taron zai yi ta ihun a sa mai gudu. In ya bi ihu ya kayar da ni, zan tashi in kakkaɓe zanena, memori ya koma Bawku a ɗankwalina, Mma ta yi faɗanta ta gaji. In ya dube ni ya zaɓi wadda zan iya kaiwa ƙarshe, a nan take zan kwance ƙullin in sa masa a hannu, in kuma roƙi gafararsa a gaban mutanen da na zarge shi.

Bra Seidu, na san kana karanta jarida, in ma ba ka karanta ba za a karanta maka. Ga shi na faɗa maka jarrabawar tun kafin ranar, yadda yaranka ke sanin waƙa tun kafin ƙuri'a. Ka je ka shirya. Ni ma daga yau bayan la'asar zan fito da tabarma in fara gwada ƙafa.